Turken da Aka Kafa a Ƙofar Gidana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Mai-sunan-Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da wannan takarda. Na san tunda ka zama kansila ba ka da lokacin kanka, kowa tsaye yake a ƙofarka da tasa buƙatar, ga ni kuma na ƙara maka da tawa, da rubutu irin na wadda ta koyi boko da furfura a ka. Da maganar nan za ta haɗiyu, da na haɗiye ta ban dame ka ba. Na gwada, ta ƙi wucewa.

Ina fata kun sauka Gusau lafiya, kai da Rabi da yara, kuma sabon gida ya karɓe ku. Allah ya tsare ku a duk kai-da-kawon da kuke yi tsakanin nan da can, ya kau da idon mugu daga kanku, ya sa ku fita lafiya ku koma lafiya. Mu nan sai godiya.

Ka san ni da kai ba mu taɓa zama mun yi doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, ga sunan kakanka a kanka, bakina bai taɓa kama sunanka ba. In ka shigo gaishe ni, iyakarmu "lafiya lau" da "Allah ya yi albarka", sai in kau da kai. Haka muka tarar, haka na yi. Na kira wayarka, wani mutum ne yake ɗauka, ya ce Onarabul yana mitin. Ban san shi ba, ban kuma san wanda yake kai wa abin da ya ji ba, don haka ban gaya masa komai ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Malam Garba direba zai kawo maka, na ce kada ya miƙa wa kowa sai hannunka.

Ga abin da ya faru. Ranar Litinin da hantsi ina bakace a tsakar gida, sai na ji mota ta tsaya. Wasu mutane suka sauko, suka yi 'yan aune-aunensu, suka buga wani guntun ƙarfe mai jan fenti a gindin dogon yaron da ke ƙofar gidan nan. Na yafa mayafi na tsaya a zaure, na tambaye su lafiya. Ɗayansu ya ce, "Lafiya lau, Inna. Burtsatse za a haƙa miki. Motar haƙa tana zuwa ranar Alhamis ta sama." Na ce, wa ya aiko ku? Ya ce daga sama ne. Na ce ai mai aike yana da suna. Suka yi dariya, suka ce in sa musu albarka, suka shiga mota.

Kowa a garin nan ya san rijiyar burtsatse guda ce ta faɗo wa mazaɓarmu bana, kuma kowa ya san ta mutanen unguwar Gangare ce. Kai da kanka ka tsaya a gindin tsamiyarsu lokacin neman ƙuri'a, ka dafa ƙirji ka faɗa. Rijiyoyinsu suna ƙafewa tun kafin tsakiyar rani. 'Yan matansu rafin bayan dutse suke zuwa, kuma ba sai na gaya maka abin da bakin daji ya zama a shekarun nan ba. Uwa takan tura 'yarta da jarka, ta zauna hannu a ƙirji har ta ga ta dawo. Mu kuwa da rijiyarmu a cikin gida, ga famfon masallaci ko'ina ana hango shi. To yaya aka yi turken Gangare ya hau tudu ya zo ƙofata?

Ruwa ba ya tsami banza. Tun ranar nake juya abin, ina zargin wannan ina zargin wancan. Kafin in gaya maka waɗanda nake zargi, bari in gaya maka dalilin da ya sa na iya gane warin abin nan. Na taɓa dafa irinsa da hannuna.

Lokacin muna Tsafe, kana goye, marigayi babanku yana aiki a wani sito da ake ajiye takin zamani. Ba babba ba ne, makulli kawai yake riƙewa. Da damina ta matso sai gidanmu ya cika da masu zumunci. Wannan ya aiko da zabi, wancan da man shanu, wata ta kawo kwalbar zuma. Ba wanda ya taɓa miƙa wa babanku komai a hannu, sun san halinsa, sai ya rufe mutum da faɗa. Ta cikin gida ake biyowa. Matansu ne za su shigo su ce, "Ga wanga, a ba yaro." Kai ne yaron. Ko haƙori ba ka fitar ba, amma zabi ake kawo maka.

Ni kuma an rene ni a kan cewa mayar da kyauta cin fuska ne. Sai in karɓa, in yi godiya, in dafa. In babanku ya zauna cin abinci in ce, "Matar wane ta shigo gaisuwa, mutanen kirki ne." Iyakar abin da nake faɗa ke nan, ban taɓa cewa a ba wane taki ba. Shi ma ya ci ya yi shiru. Amma ranar rabo, in ya ɗaga ido ya ga wane a layi, ai ya riga ya ci zabonsa.

Wata rana a gidan suna wata mata da ba ta san ni ba ta zauna kusa da ni, tana ba wa ta gefenta labari. Ta ce, "Mu bana ko tiya guda ba mu samu ba. An ce taki sai mai zabi. Mu da ko kaza ba mu da ita." Ta gefen ta mintsine ta. Matar ta waiwayo ta dube ni, ta sa hannu ta rufe bakinta. Da na koma gida na gaya wa babanku. Ya ce, "Ai ke kika karɓa." Na ce, "Ai kai ka buɗe sito." Dukkanmu gaskiya muka faɗa, kuma gaskiyar tamu ba ta ƙara wa gonar matar nan ko zangarniya guda ba.

Don haka ka lura da ƙofar cikin gida fiye da ta waje. Wanda ya san ba za ka karɓa a ofis ba, ba zai je ofis ba. Zai nemo inda kake da taushi, ya aiko wa Rabi da atamfa, ya saya wa yara keke, ya zo gaishe da tsohuwa. Ka gaya wa Rabi, ba da faɗa ba, cewa duk abin da ya shigo gidanku ta tambayi kanta, ina mai kyautar nan yake bara, lokacin kana koyarwa a firamare, babur ɗinka sai an tura yake tashi? In lokacin ma yana kawowa, ɗan'uwa ne. In da kujera ya san hanyar gidan, to kujerar yake gaisarwa, kuma zai dawo karɓar amsar gaisuwarsa.

Labari na biyu ya fi wannan nauyi a zuciyata. Ka tuna Malam Isiya, wanda ya riƙe kujerar da kake kai yanzu, lokacin kana sakandare a Bungudu. Shekarar da babanku ya rasu, iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakina. Mata suka ce in je wurin kansila, ai don irin wannan ranar aka zaɓe shi, kuma an ga an sauke masa kwanon rufi sabo fil. Na je. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya sake yi mini ta'aziyya, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Inna, kwanon da kika ji labari na ajin makaranta ne. In na ɗebar miki, ɗiyan wasu za su yi karatu ruwa na zuba musu. Amma ina da tsoffin kwanuka a gida, nawa na kaina, zan sa a kawo miki."

Aka kawo, aka rufa mini ɗaki. Na karɓi kwanonsa, na kuma riƙe shi a zuci. A gidajen biki mata sun sa masa suna hannun jarirai, wai ba ya buɗuwa. 'Yan mata har waƙa suka yi masa. Ni ban yi waƙa ba, ka san ba halina ba ne, amma na yi dariya. Rannan kuma ana cikin hirarsa na ce, "Ni ma na je, tsohon kwano ya ba ni." Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi cewa nasa ne na gida ba, ban kuma faɗi maganar ajin ba. Su kuwa matan garin nan, da yake ni ke biya musu karatu, in na yi magana ɗauka suke yi an gama. Maganata ta fi waƙar 'yan matan yi masa illa.

Da zaɓe ya zagayo, abokin takararsa ya zo da atamfa da sabulu, gida-gida. Na karɓi turmi guda, na ce a raina ai kyauta ce, ban roƙa ba. Muka yi layi muka kayar da Malam Isiya. Yau kwalbatin da ya yi a hanyar Kekun Waje tana nan, manyan motoci na bi ta kai da lodin hatsi. Ajin nan har 'ya'yan ƙannenka sun zauna a ciki. Ɗakin shan maganin da magajinsa ya fara kuwa ka san shi, gini ya tsaya a daidai taga, awaki ke shan inuwa a ciki. Atamfar ta daɗe da komawa tsumma. Tsohon kwanon kuma har yanzu shi ne a kaina, a ƙarƙashinsa nake rubuta maka wannan. Malam Isiya yana sayar da iri da maganin feshi a kasuwar Mada. In na hango rumfarsa nakan sauya layi.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, mu talakawa mun iya koya wa shugaba sata. Ba da mugun nufi muke yi ba, da yabo muke yi. Wanda ya ɗebo na jama'a ya raba a ƙofar gida, shi ne mai kirki, ɗan albarka, wanda bai manta asalinsa ba. Wanda ya ajiye kwano don aji, marowaci. Za su taru a ƙofarka da safe, kowa da takardar asibiti ko maganar suna, kuma albashin kansila ba zai kai azahar ba. In ka ce sai kowa ya tafi da fara'a, dole ka nemo daga wani wuri, kuma wurin nan ba gonarka ba ce. Ka ba da abin da kake iyawa daga naka, sauran ka ce babu, ka jure sunan da za a sa maka. In ka ji yabonka ya yi yawa a bakin masu zaman ƙofa, ka koma ka duba ko wani abu ya ɓace a aikin jama'a.

Yanzu in dawo ga turke. Washegarin ranar da aka kafa shi, Kulu ta hawo daga Gangare. Ka san Kulu, tare muka yi makarantar allo a zauren kakanka, ita ce ta fara goya ka ranar sunanka. Ta tarar da Kawunka Bala ya ɗauko benci ya zauna kusa da ƙarfen, kamar shi aka ba gadinsa. Ni ina zaure. Ta leƙo ta ce, "Ina kwana, uwar gwamnati? An ce ruwa ya biyo ki har ɗaki."

Tunda muke da Kulu ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Hauwa.

Bala ya ce, "Ke Kulu, hassada ba ta da kyau ga tsohuwa. Wa kika taɓa gani ya samu kujera bai fara da uwatai ba?"

Ta ce, "Ranar ƙuri'a ba uwatai kaɗai ta yi layi cikin rana ba."

Ya ce, "Kun amshi taliya ko ba ku amsa ba? To an biya ku, kasuwa ta watse. Mi kuma kuke bi?"

Kulu ta karɓa, kowa ya karɓa. Ta ce, "Mun amsa. Yunwa ta amsa. Amma taliyar tun ran nan anka cinye ta, Bala, ƙishirwar kuwa tana nan. Jiya jikata ta tai rafi, har la'asar ba ta dawo ba, sai da maza sunka bi sawu. Ashe ɓoyewa ta yi cikin ciyawa don ta ji ƙarar babura. Kai kana da ɗiya mata, ka san abin da nike faɗi."

Bala ya gyara hula ya ce Allah ya kyauta, amma dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wai mu talakawa mu ne muka lalata ƙasar, a daina ɗora wa masu mulki.

Ban saba sa baki in maza na magana ba, amma ƙanena ne. Na ce, "Bala, daddawa tana da wari, wannan gaskiya ne. Sai dai ban taɓa ganin daddawa ta taka da ƙafarta ta shiga rami ba." Ya ce yaya ta fara wa'azi, ya ɗauki bencinsa.

Irin gardamar nan nakan ji ta a rediyo kusan kullum. Wannan ya kira ya ce sai shugabanni sun gyaru, wancan ya ce sai talakawa sun gyaru, a yi ta yi har lokaci ya ƙare, kowa ya ajiye waya ya wanke kansa. Kamar ni da babanku a kan zabi. Ni ba ni da zurfin ilimin boko, amma ga yadda nake gani. Muna da namu kason, bakinmu da hannunmu da ɗan yatsan da muke dangwalawa, kuma za a tambaye mu a kai. Amma awon ba ɗaya ba ne. Mai yunwar da ta karɓi taliya da ƙosasshen da ya karkatar da rijiya, ba za a ɗora su a sikeli guda ba. Ranar rantsuwa ba Kulu ce ta yi alwala ta ɗora hannu a kan Alƙur'ani ba, kai ne. Turken nan bai tashi daga Gangare ba sai da wani ya sa hannu a takarda, ko ya ga an sa ya kau da kai. Ni da Kulu ba mu da hannun da ake sawa a takarda. Mu muna iya roƙon ɓarna, muna iya yabon ɓarna, amma makullin yana aljihunka.

To ga waɗanda nake zargi, Allah ya yafe mini in na ɗauki alhakin wani.

Ina zargin Alhajin nan ɗan kwangila da aka ba aikin burtsatsen, wanda ya kawo rago ranar walimar rantsar da kai. An ce shi ya sayi taliyar da aka raba lokacin kamfe, ban sani ba ko gaskiya ne, kai ka sani. Mu nan tudu ruwanmu kusa yake, kowa ya san ba a nisa ake tarar da shi. Gangare kuwa dutse ne a ƙasa, sai an sha wuya an yi zurfi. In an biya shi aikin dutse ya zo ya yi aikin yashi, wa ya ci riba? Bayan haka, in gobe ya yi wani aikin na algus, da wane baki za ka yi masa magana, alhali uwarka tana shan ruwansa? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ina jin tsoron ba ni ya haƙa wa rijiya ba, kai ya haƙa wa.

Ina zargin Bala. Nono ɗaya muka sha, amma na san shi. Tunda aka rantsar da kai yake hawa sabon babur, bai sayar da hatsi ba, bai sayar da dabba ba. Kwanan baya kuma na ji shi yana tambayar mai filin da ke jikin katangarmu ko zai ba shi haya, wai yana son ya fara buga bulo. Mai buga bulo me yake buƙata kusa da shi in ba ruwa ba? Ka yi masa alheri daga aljihunka, kawunka ne, amma kada ka bari ya riƙa yawo da sunanka a baki.

Ina kuma zargin kaina, kuma wannan ne ya hana ni sukuni. Ranar walimar, Alhajin ya shigo gaishe ni, Bala na biye da shi. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ya jiki?" Amsar wannan tambaya kowa ya san ta, da sauƙi, shi ke nan. Ni kuwa sai na ce, "Da sauƙi, sai dai kafaɗar nan, jan guga ya fara fin ƙarfina." Ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya dubi Bala, Bala ya dube shi.

Kai ma ka sani, a wurinmu ba a kuka gaban mai hali a banza. Matar da ta gaya wa attajiri ɗakinta na yoyo, ba labari take ba shi ba. Ba ma cewa ba ni, kunya ba ta bari, sai mu ajiye kukanmu a gabansa mu kau da kai, shi kuma ya san abin da aka ce. Wannan na san shi tun ina yarinya. To me ya kai bakina? Na bincike zuciyata, na ce ko tsufa ne kawai da son faɗin ciwo. Amma in aka ce in rantse cewa ko kaɗan ban ji daɗin zama uwar kansila a gaban mai kuɗi ba a ranar nan, ba zan rantse ba. Wadda ta ga abin da zabi suka yi a Tsafe, ta ga abin da bakinta ya yi wa Malam Isiya, ita ce kuma ta sake. Ka ga dai yadda abin yake da santsi. Don haka daga yau, duk wanda ya zo maka ya ce Inna ta ce, ko Inna tana so, kada ka yarda. In ina son abu zan rubuto maka da wannan mummunan rubutun nawa, za ka gane shi.

Saura kai. Na bar ka a ƙarshe don na fi jin nauyin faɗa. Tun kana ƙarami kake ganina a bakin rijiya. Akwai ranar da igiyar guga ta yanke mini tafin hannu, ka tsaya kana kallon jinin, ka ce in ka girma sai ka kawo mini famfo har ƙofa. Na yi kamar ban ji ba, amma na ji. In cika wannan alkawari ne ya sa ka yi, to Allah ya saka maka da niyyarka, ya ba ka masu yi maka. Sai dai ba a yi wa iyaye biyayya da ruwan mutanen Gangare. In kafaɗata ce ta dame ka, cikin albashinka ka riƙa biyan mai garuwa ya zuba mini, wannan zan sha in sa maka albarka. In kuwa ba ka san da zancen ba sam, to wannan ma abin tsoro ne, domin ana ciniki da sunanka kana Gusau. Ban hana ka zama can ba, na san dalilin tsaro da karatun yara. Amma wanda ba ya taka Gangare da ƙafarsa, abin da aka ga dama za a gaya masa game da Gangare.

Ga inda na tsaya, kuma ba da fushi nake faɗa ba. Malaminmu ya karantar da mu cewa ruwan ƙwace, ko ya wanke gaɓɓai, akwai zunubi a kan mai alwala da shi. In aka haƙa rijiyar nan a ƙofata, ba zan sha ba, ba zan yi alwala da ita ba, kuma zan bar wasiyya kada a wanke gawata da ruwanta. Zan ci gaba da jan gugana ina kallonta.

Ban tumɓuke turken ba, ko da yake hannu ɗaya ya isa. Na hukuma ne, kuma in na cire, gobe a ce uwar kansila ce ke faɗin inda za a yi aiki da inda ba za a yi ba, ciwon dai guda ne. Kai aka zaɓa, kai za ka sa a mayar da shi inda ka yi alkawari. Abin da yake nawa na fara yi. Na gaya wa matan da ke zuwa karatu, a gaban kowa, abin da na faɗa wa Alhajin da yadda ban kyauta ba, na kuma cika musu labarin kwanon Malam Isiya da na bari a rabi shekarun nan. In Allah ya kai mu ranar kasuwar Mada, ba zan sauya layi ba. Kuma in motar haƙa ta iso ranar Alhamis turken yana nan, zan shimfiɗa tabarmata a gindinsa in zauna da carbina, su haƙa in sun iya. Ba na so a kai ga haka, domin kai za a yi wa dariya daga nan har Gusau, ni kuma ban haife ka don a yi maka dariya ba.

Allah ya tsare ka daga sharrin masu yabo da sharrin masu kyauta, ya tsare ka daga sharrin son da kake yi mana. Ya sa ka sauka daga kujerar nan kana iya bin kowane layi a kasuwa kai a ɗage. Ya kiyaye hanyoyinmu, ya dawo mana da zaman lafiya a dazuzzukanmu, ya tsare 'yan matan Gangare a hanyar rafi. Ka gaishe da Rabi, ka shafa mini kan yara.

Kulu za ta sake hawowa ranar Laraba ta ji yadda aka yi. Na ce mata ɗana zai amsa. Tun muna wanke allo tare ban taɓa yi mata ƙarya ba, kada ka sa in fara da tsufana. Abu biyu kawai nake son ji, wa ya sa aka kafa turken, kuma yaushe za a mayar da shi Gangare. Malam Garba yana dawowa kullum da yamma. Don Allah ka ba shi amsa da wuri, ko layi biyu ne.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hauwa'u